Nishin da Suka Manta Ba Su Goge Ba

Tsawa ake ce masa, kuma wallahi sunan bai yi ƙarya ba. Mijin yayata ne. Mutum ɗan tsurut, in ya tsaya kusa da Yaya ko kafaɗarta bai kai ba, amma in ya yi sallama a ƙofar gida har maƙwabta sai sun amsa. Ni kuwa ƙanin mata, tsokanarsa ce aikina. Nakan ce, "Yallaɓai, ina ka ajiye sauran jikin da ya zo da muryar nan?" Ya ce, "Yana shagonka wurin gyara, Auta, shi ya sa har yau bai dawo ba." Gyaran talabijin da rediyo nake yi, kuma gaskiyarsa ce, kaya kan daɗe a hannuna.

Shela yake yi a tashar manyan motoci. Wani ɗan ɗaki ne a saman wurin sayar da tikiti, gilashin tagarsa ya dushe da hayaƙi, makirfo ɗaure da salatif, kofin ruwan ɗumi a gefe. Daga nan yake faɗin motar da za ta tashi, da wadda ta lalace a hanya, da wanda ya manta jaka. In ya tashi da yamma sai ya wuce ɗakin ɗaukar sauti, inda ake sa wa finafinan waje murya da yarenmu. Shekara da shekaru muryar ƙananan mutanen cikin fim ake ba shi: mai gadi, tsohon ɓarawo, har aku ya taɓa yi. Duk sai ya lanƙwashe murya, ko Yaya ba ta gane shi. Saƙon murya a waya kuwa ba ya yi ko za a yanka shi. Wai ya gaji da jin kansa.

Sai ga wani babban fim na jarumin nan mai rufe fuska, wanda ke tare gini da kafaɗa. Aka ce Tsawa ne zai yi jarumin, kuma da muryarsa ta Allah da Annabi, ba lanƙwasa. Ranar ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa Yaya daga yau ta dinga kiransa da ladabi. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne ciwo ya riga ya shiga ƙirjinsa. A haka ya yi aikin, ya faɗi layi ɗaya, ya juya ya yi tari, ya dawo.

Da fim ɗin ya fito a silima, jama'a suka yi masa caa. Kai, mutane! Yaran da ko buhun siminti ba su taɓa ɗagawa ba, su ne a waya suna rubuta cewa jarumin da ke ɗaga gada numfashi na gagararsa. Wani ya ce a kai jarumin asibiti. Wani ya kwaikwayi muryar yana shaƙewa, aka yi ta dariya ana turawa. Har suka haɗa kai suna kiran kamfani ya gyara. Lokacin Tsawa na kwance a asibitin da gaske. Na ɓoye masa wayarsa, ashe yana karantawa a ta majinyacin gado na kusa.

Yaya ba ta je silima ba, tana jinya. Shi ma ya ce kada ta je. "Bari faifan ya fito, mu kalla a falonmu, in dinga nuna miki inda na yi ƙoƙari." Bai kai ba. Allah ya ji ƙansa.

Daga nan Yaya ba ta da zance sai na faifan. Tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma duk sanda na leƙa sai ta tsayar da ƙafa ta ce, "Auta, ya fito?" Wata rana ta faɗa mini abin da ke cin ta. Ta ce fuskarsa tana nan, ga hotuna, amma muryar ta fara kuɓuce mata. Takan zauna ta ce bari ta tuna yadda yake kiranta, sai ta ji shiru. Na tsorata da yadda ta faɗe shi, ba kuka ba komai.

Ranar da faifan ya fito na rufe shago na je na sayo. A jikin kwalin an manna wata jar takarda: an sabunta muryar jarumi bisa buƙatar masoya. Masoya! Na tsaya a bakin titi ina karantawa, ji nake kamar in taka shi in wuce. Amma na kai mata, na faɗa mata tun daga ƙofa. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta ce, "Saka."

Da rana ne tsaka, labule a ɗage. Jarumin ya buɗe baki, sai ga muryar wani saurayi, sumul, lafiyayya. Yaya ta koma kan kekenta ta ci gaba da ɗinki. Ni ma na kasa kashewa, na zauna kawai fim na tafiya. Can wajen ƙarshe gini ya rufto wa jarumin, ya durƙusa yana ƙoƙarin ɗagawa, ba magana, sai nishi. Ya ja numfashi, ya tsaya a rabi da wani ɗan ƙugi, sannan ya ƙarasa.

Keken ya tsaya.

"Shi ne," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, an canza fa."

"Auta, wata nawa na yi ina kwana kusa da numfashin nan? Mayar baya."

Na mayar. Ni ma na san shi. Tsawa ne, a cikin falonsa, yana kokawa da iska.

Daga baya na je na sami mai haɗa sautin fim ɗin. Ya ce haka suke aiki: magana daban ake ɗauka, nishi da haki da gurnani daban, a ƙarshen zama, kowanne da layinsa. Da aka kawo sabon yaron, maganar kaɗai ya sake. Ba wanda ya tuna da ɗaya layin, na nishin. Abin da ya fi ƙona mini rai, masoyan nan da suka kore shi, su ne suka dawo suna yabon sabon yaro, wai ka ji nishin gaske, kamar mai shirin mutuwa. Na rubuta musu amsa mai tsawo, sai kuma na goge. Wa zan faɗa wa?

Na zaci Yaya za ta tsani faifan. Ai ba wannan ta jira ba. Sallamarsa ta jira, da dariyarsa, sai aka bar mata ciwon kawai. Amma sai ta zo shagona da kanta, abin da ba ta saba ba, ta ture wata rediyo ta zauna a kan benci. Ta ce in tsinto mata duk inda ya yi numfashi a fim ɗin, in cire kiɗa da ƙarar gini iya yadda zan iya, in haɗa mata wuri ɗaya.

Na ce, "Yaya, wannan ba zai bar ki ki huta ba."

Ta ce, "Na tambaye ka shawara?"

Na yi. Duka-duka bai fi tsawon waƙa ɗaya ba. Na sa mata a waya, ta kara a kunne, ta rufe ido. Motoci na wucewa, wani na ƙwanƙwasa tebur yana tambayar talabijin ɗinsa, ni dai ita nake kallo. Ƙirjinta na bin nasa, in ya ja ta ja, in ya saki ta saki. Sai sautin ya kai ƙarshe ya yanke.

Ta buɗe ido a firgice, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

"Auta, gyara shi ya dinga komawa farko da kansa. Kada ya tsaya. Na riga na ji tsayawarsa sau ɗaya."