Maɓallin Sunkuyawa

Yayana Faleniko ya fi kowa a unguwarmu ta Logan, gefen birnin Brisbane, yawan dalilan ƙin wasan bidiyo, kuma babu guda a cikinsu da mutum zai faɗa a gaban jama'a ba a yi masa dariya ba. Ni ce ƙanwarsa Telesia, ni nake kai shi wankin ƙoda in dawo da shi, saboda haka duk na haddace su, ko ina so ko ba na so.

A tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa aka haife mu, a wani ƙauye na bakin teku. Shi ne babba, kuma tun yana yaro shi Babanmu ya ɗora wa hidimar dattawa, ya kai musu abinci, ya zuba musu ruwan wanke hannu, duk a durƙushe. Yaro bai isa ya gifta ta gaban manya a miƙe ba, sai ya sunkuya ya ce tulou, wato gafara. Ba a magana a tsaye a cikin fale, ɗakinmu na gargajiya mai ginshiƙai, ba a ci a tsaye, ba a sha ana tafiya. Mu sauran mun koyi wannan ne don gudun tsintsiyar kwakwa, shi kuwa ya shige masa jini. Ya zo Brisbane da ƙuruciyarsa, ya yi aiki a mayanka, daga baya ya koma tuƙin bas har ya yi ritaya. In zai ratsa tsakiyar bas ya taimaka wa mai keken guragu, a sunkuye yake tafiya yana tulou, tulou, Turawa suna tsammanin bayansa ke ciwo.

Da 'ya'yansa suka fara kawo na'urar wasa gida, cewa ya yi tana ɓata kalar talabijin. Aka samo musu tsohuwar talabijin tasu, sai ya ce tana shan wuta. Ran nan ya leƙa ya tarar suna wasan tseren mota, ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu.

"Wa ya ba wannan lasisi? Ya sha kwana ko sigina bai kunna ba."

"Baba, tsere ne fa."

"Tsere ya hana shi duba madubi? Kuma ina fasinja? Mutum ya yi ta ƙona mai a banza, ko tsohuwa ɗaya bai rage wa hanya ba."

A wasan zari-ruga, laifinsu shi ne an ƙanƙance wa 'yan Samoa cinya, kuma babu mai yin zufa. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne wani jarumi mai takobi da yake faɗawa gidajen mutane ba gaisuwa, ya farfasa musu tukwane, ya cinye kaza sukutum yana gudu. Yaya ya yi mako yana mita a kan uwar da ta raini wannan yaro. Shi kuwa sai ya yini a gareji da dattawan coci suna buga kati, suna dukan tebur har kofuna su yi tsalle. Wannan ba ɓata lokaci ba ne a wurinsa, wai zumunci ne.

Mutum ɗaya ke iya masa, matarsa Akenese, Nese muke ce mata. Ita ma tana da nata wasan a waya, na jera 'ya'yan itatuwa, tana yi a ƙarƙashin tebur yana can yana wa'azi a kan lalacewar zamani. In ya kama ta sai ta ce, "Niko, ci gwazarka tun ba ta huce ba. Wasan nan ko sau ɗaya bai taɓa yi mini mita ba, kai fa?" Sai ya yi tsaki ya ci gwazarsa, yana satar kallonta yana murmushi.

Nese ta tafi gida bikin buɗe sabon coci, za ta yi 'yan makonni ta dawo. Can ta kwanta ciwo, can ta rasu. Aka binne ta a ƙofar gidan Babanmu, inda iyayenmu suke. A lokacin ƙodar Yaya ta riga ta gaza, zuciyar ma ta fara, likitoci suka ce ko ƙofar jirgi kada ya kusanta. Duk muka tafi muka bar shi da surukarsa. An haska masa jana'izar ta waya, aka ce mini ya kife wayar a cinya ya saurara kawai. Tun daga nan abu ɗaya yake so a duniya, ya je ya zauna a gaban kabarin matarsa. Kowa a gidan ya san haka, kowa kuma ya san ba zai je ba.

Bayan rasuwar ya ƙaro sabon dalili. Ya ga wani jikansa yana wasa, aka kashe mutumin nasa, nan take ya sake tashi ya ci gaba da gudu.

"Ka gani ko? Ya mutu ya tashi, ko zaman makoki ba a yi masa ba. Ƙarya ce tsagwaronta."

Babu wanda ya yi dariya a ranar.

Sinalei ce babbar jikarsa, tana aikin jinya, kuma tun tana ƙarama ita ce uwar 'yan wasan gidan. A Brisbane aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙauyenmu ba sai ranar binne kakarta. Bayan mun dawo ta dinga damuna da tambayoyi. Inna, ta wane ɓangare rana ke fitowa in kina tsaye a ƙofar coci? Inna, tsakanin gidan da teku akwai itace? Na ɗauka kewa ce. Ashe akwai wani wasa da ake gini a cikinsa da tubala, kuma ƙauyenmu take ginawa, duk ranar da ba ta da aiki. Ta yi watanni a kai. Da ta nuna mini, sai da na nemi wurin zama. Ga fili, ga coci, ga hanyar da muke bi zuwa rafi, ga falen Babanmu da ginshiƙansa, ga fararen kaburbura a ƙofar gida, na Nese da furanni ja a kansa. Komai kusurwa-kusurwa ne kamar an jera kwalayen sabulu, amma ƙauyenmu ne. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ranar Lahadi bayan an ci abinci ta ja talabijin zuwa gareji, ta zaunar da kakanta a gaba.

"Tsoho, yau zan kai ka gida, ba fasfo ba jirgi. Ka ga wannan mai farar riga da zani? Kai ne. Har sanƙon na saka maka."

"Ke tafi can, sanƙona ya fi wannan kyau."

Zumuɗi ya ɗebe ta. Ta saki mutumin da gudu ya ratsa fili, ya wuce kaburbura, ya daka tsalle ya dira a tsakiyar fale, ya tsaya ƙiƙam yana juye-juye. Tana ta surutu, ga nan, ga can. Ni ina kallon fuskar Yaya. Na ga ta sauya.

"Kashe."

"Kaka, ai ba ka ga teku ba."

"Na ce kashe. Ina kika taɓa ganin kwakwa mai kusurwa huɗu? Kuma waɗannan aladun, wa ya yi musu wanka? Aladun ƙauyenmu ba su taɓa yin tsabta haka ba."

Ya dogara sandarsa ya shige ciki. Sinalei ta naɗe wayoyinta shiru, ta ce wai ba komai, tana murmushi hawaye na zuba.

Ni ba a ɓata mini rai in kwana da shi a ciki. Al'adarmu ta ba ƙanwa bakin magana a gaban yayanta, kuma ni ban taɓa barin nawa ya yi tsatsa ba. Washegari da na ɗauko shi daga wankin ƙoda, ya shigo mota a galabaice, hannunsa na hagu naɗe da bandeji. Na bari muka hau titi tukuna.

"Yaya, ka ji kunya. Yarinya ta hana idonta barci don kai, ka tashi ka saka mata da zancen wankan alade. Shekara da shekaru muna haƙuri da shirmenka, sigina ne, cinya ce, kaza ce. Wannan karon ka wuce gona da iri."

"Sia, duba hanya."

"Ina dubawa. Kwakwa mai kusurwa! Da kai ka gina, da ko turke ɗaya ba za ka kafa ba."

Ya juya yana kallon taga har muka wuce kantin gwaza. Na ɗauka fushi ya yi. Da ya buɗe baki, muryar ba ta faɗa ba ce.

"Ta ce ni ne. Ba ta ce ni ne ba?"

"Ta ce."

"To ni na shiga gidan ubana da gudu, na tsaya wa kowa a ka. Nese na kwance a ƙofar gida, na wuce ta a miƙe, ko kallo. Tun da ta tafi nake shirya abin da zan ce mata in na je. Ga shi na je, na tsallake ta kamar kare."

Sai da na gangara gefen titi na tsaya. Raina ya yi baƙi, tausayinsa ya cika ni.

"Me ya hana ka faɗa mata haka?"

"In ce me? In ce zanen kwali ya sa ni kuka a gaban jikoki? Mutanen cikin abin nan ba su iya zama ba, Sia. Na daɗe ina lura. Daga gudu sai tsalle."

Da yamma na kira Sinalei na kwashe duka na gaya mata. Sai ta fashe da wata dariya mai haɗe da kuka.

"Inna, ai akwai maɓallin sunkuyawa! Don laɓewa aka yi shi, in mutum ba ya so dodo ya gan shi. Ni ban taɓa kawo wa raina ba."

Lahadin da ta biyo baya muka kori kowa daga gareji, muka rage mu uku. Yaya ya fito da farar rigarsa ta coci da zani mai guga, ya taje ɗan gashin da ya rage. Na gyara masa kujera. Ya cire takalmi ya ajiye gefe. Sinalei ta ɗora masa rimot a hannu, ta nuna masa na tafiya, ta nuna masa wanda zai danne da babban yatsan hagu. Ya danna. Mai farar rigar ya ranƙwafa, kansa ƙasa, daidai yadda Babanmu ya koya mana.

"Kaka, zan iya gyara shi ya zauna a haka, ba sai ka yi ta dannewa ba. Hannunka zai gaji."

"Bar shi. In ba ni na danne ba, ba ni na sunkuya ba."

Ta ajiye mai farar rigar a bakin hanya, inda bas ke sauke mutane. Da farko ya yi ta karo da itatuwa, ya faɗa rami, ya zagi ramin. Direban da ya yi rabin rayuwarsa yana juya doguwar bas ya kasa juya mutum ɗaya. A hankali hannun ya faɗa. Ya bi gefen fili, bai ratsa tsakiya ba. Duk gidan da ya zo wucewa sai ya kira sunan mai gidan, mutanen da yawancinsu sun daɗe a ƙasa, ya ce tulou. Gidajen babu kowa, alade ne kawai ke yawo. Ya ce wa Sinalei ƙofar coci ta karkace, ta ce za ta gyara. Ya ce tekun ba ya motsi, amma ya daɗe yana kallonsa.

Tafiyar sunkuye ba ta sauri. Kafin ya isa ƙofar gidanmu hannun hagun ya fara karkarwa, hannun da allura ta gama cinyewa. Ya gaishe da Baba, ya gaishe da Mama. Ya matsa gaban mai jan furanni ya tsaya.

"Nese," ya ce. "Ga ni. Na makara."

Nan yatsan ya zame. Mai farar rigar ya miƙe zumbur a kan kabarin.

"Tulou! Tulou, Nese, tulou!"

Ya lalubi maɓallin ya danne, ya sake kuɓucewa. Ya gwada da ɗaya hannun, mutumin ya juya wa kabarin baya. Sinalei ta yunƙura, na riƙe mata hannu. Ya juyo da shi da kansa, yana numfashi sama-sama. Sannan, bai ko dube ni ba, ya miƙo rimot ɗin wajena kaɗan.

"Sia, ɗora yatsanki a kan nawa. Kada ki danne mini, ki dai tare shi kada ya zame."

Na matso da kujerata na ɗora. Yatsansa sanyi ƙalau a ƙarƙashin nawa. Mutumin ya sunkuya ya tsaya a haka. Sinalei ta sulale waje ta ja ƙofa.

"Ke kuma toshe kunnenki," ya ce. "Maganar ba taki ba ce."

"Da wane hannun, Yaya?"

Bai kula ni ba. Ya gyara murya, ya fara ba matarsa labarin duk abin da ya faru tun ranar da ya raka ta filin jirgi, ni kuwa na kau da kai ina kallon bango, yatsana a kan nasa.