Sharaɗi Ɗaya a Aron Gonarmu

A ƙasarmu ta Bagudo, idan mutum ya ba da aron gona, sharaɗi ɗaya yake kafawa: kada a taɓa itatuwa. Mai aro ya noma gero ko dawa ya kwashe abinsa, amma ɗorawa da kaɗanya na mai gona ne. Ba a kafa sharaɗi a kan ƙasar kanta, domin tun zamanin kakanni ba a ga mai aron da ya ɗebe ta ya tafi da ita ba.

Da wannan al'ada yayana ya karɓi wasu baƙi da suka zo neman farin dutse a gonarmu ta gado, a tudun Matsinkai. Shi ke noma ta, da ita yake ciyar da gidansa. Ni kuwa malamin sakandare ne da ya yi jami'a, don haka aka aika in zo in saurara. Dillalin baƙin ya ce dutsen litiyam ne, da shi ake yin batirin motoci masu aiki da lantarki. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ni na taya shi bayani. Na tsaya a gindin ɗorawarmu ina yi wa yayana lacca a kan hayaƙin fetur da ɗumamar duniya, kamar ina gaban aji.

"To, Malam, mun sha karatu," in ji yayana. "Motar ga, tana iya hanyar Geza da damana?"

"Ba ta iso nan ba tukuna, Yaya."

"Ashe dutsen gonata za shi riga ni shiga mota."

Aka yi dariya. Ya juya ga dillalin ya ce ya ba su aron rani ɗaya, su dai bar masa ɗorawarsa. Dattawa biyu suka shaida, aka shafa fatiha. Ban tambayi wanda zai cike ramuka ba. Ban tambayi inda za a tara ƙasar da aka tono ba.

Da na koma bayan wata huɗu, ban gane gonar ba. Ramuka ne ko'ina, wasu sun fi rijiya zurfi. Baƙar ƙasar sama, wadda takin shekaru ya gina, an binne ta a ƙarƙashin tsakuwa da jan marmara. Ɗorawar tana nan tsaye a kan wani ɗan tsibirin ƙasa, an haƙe kewayenta kaf, saiwoyinta a yanke suna reto.

"Alhaji, ko ganye ba mu tsinka ba," in ji dillalin, yana duban yayana.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Muka je wurin dattawan da suka shaida. Babbansu ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya tambaya ko an sare icce. Muka ce a'a.

"To, ɗana, mi kaka so mu ce? Abin da munka shaida a kai, sun cika shi."

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Ban ƙaryata cewa motar nan tana rage hayaƙi a biranen da take yawo ba. Abin da na sani shi ne ba a tambayi kowa a Matsinkai ko ya yarda a biya da gonarsa ba. Yayana al'ada ya bi, ita ya sani. Ni ne na karanta abin da haƙa ke bar wa ƙasa, amma a ranar na fi son a ga na san duniya.

Rani biyu muka yi muna cike ramukan gefen gabas da amalanke, muna zuba taki. Da damina muka shuka gero. Ya fito, ya kai gwiwa, ya yi rawaya, ya tsaya nan.

Bana yayana, da furfurarsa, ya haye iyaka zuwa ƙasar Benin, yana noma a filin dangin matarsa. Ranar da zai tafi na ce ya bari mu ƙara gwada damina ɗaya. Yana ɗaure garma a bayan babur, bai ɗago ba.

"Kai gwada, Malam, kana da albashi. Ni ɗiyana tuwo za su ci."