Na Kulle Ta a Saman Bene

Cikin matata na wata bakwai ƙafafunta suka fara ƙin ɗaukarta. Cikin fari ne. Muna haya a ƙasan wani tsohon bene a unguwar Ammariyya, can ƙasa mai tsarki, ɗakin da ko da azahar sai an kunna fitila. Ga-ruwa nake yi lokacin, garwa biyu a sanda, daga famfon unguwa zuwa gidajen mutane. Ita kuwa ba ta leƙa ko waje. Ni na hana.

Na kai ta wurin wani daktur, wato likita. Ya danna ƙashin ƙaurinta, ta yi ƙara. Ya ce ƙashin ne ya yi laushi don rashin rana, ta riƙa shan madara, kuma kullum rana ta taɓa jikinta. Halas, shi ke nan, na gaba ya shigo. Bai faɗi lokaci ba, bai faɗi minti nawa ba. Ni ma ban tambaya ba, don kada ya ɗauke ni jaki. Aji uku na yi a makaranta, gani nake na gama sanin duniya. Na ce in dai rana magani ce, ai ta tsakiyar yini ta fi ƙarfi.

Saman benen na kowa ne, can samarin Yaman masu haya a tsakiya suke shanya. Kwana biyu ina hawa da ita can, in zauna a bakin ƙofar ina gadi. Rana ta uku aiki ya matsa, na sayo kwaɗo.

"Malam, bar ƙofar a buɗe mana," in ji ta. "In jiri ya ɗebe ni fa?"

"Ki buɗe ƙafa da baya, ƙatti su hau su same ki? Zuwa ɗaya zan yi in dawo."

Na bar mata moɗa ɗaya ta ruwa, na kulle, na jefa makullin a aljihu.

Ina cikin layi a famfo aka ce ga masu duba takardu. Iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu tun bayan hajji. Na yar da garwa na faɗa shagon wani mai gawayi, ya cusa ni bayan buhuna ya ja ƙofa. Motarsu ta tsaya daidai bakin lungun.

Da na tsuguna makullin ya soke ni a cinya, sai na tuna da ita. Saman nan ba inuwa ko ta tafin hannu. Simintinsa da azahar ko kyanwa ba ta takawa. In na fita aka kama ni, da makullin za a tafi, kuma ba mahalukin da ya san tana can. In na zauna, tana dahuwa. Na roƙi mai gawayi ya je ya faɗa a gidanmu.

"Uskut, rufe baki!" in ji shi. "So kake a rufe mini shago?"

Aka kira azahar ina nan. Ni da ke cikin duhu rigata ta jiƙe sharkaf, ina ga ita? Na san kuma ba za ta yi ihu ba, don ni na koya mata cewa muryar matar aure ba ta wuce ƙofa.

Dab da la'asar motar ta tashi. Ban san yadda na hau benen ba. Sau uku makullin yana kufce mini.

Tana kwance a gindin katanga, ta lulluɓe kai da zani, moɗar a kife. Leɓɓanta sun tsage. Jikinta zafi rau, a bushe, ko ɗigon gumi babu. Na girgiza ta, shiru. Ranar ni na yi ihun.

Tsohuwa mai gidan, Bahaushiyar Sudan ce, ta hawo tana haki.

"Kai ɗan nan, kilishi ka mayar da ita? Yalla, maza a kawo ruwa!"

Samarin Yaman suka kwaso tulunansu, suka kama mini muka sauko da ita. Tsohuwar ta riƙa jiƙa tsumma tana shafa mata a wuya da hammata, tana ɗiga mata ruwa a baki, tana zagina har kakana.

Da ta farfaɗo ba ta dube ni ba. Ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora a kan cikin.

"Inna, tun azahar bai motsa ba."

Tsohuwar ta daina zagin. Ta daɗe da hannu a wurin, tana kallon bango.

Bayan kwana huɗu ta haihu, namiji, ba rai. Na tambayi daktur ko zafin ranar ne sanadi, ya ce ba zai iya rantsewa ba. Matan unguwa suka zo jaje, ina jin ta daga tsakar gida tana ce musu zazzaɓi ne. Yau 'ya'yanmu huɗu, kuma abin da suka sani game da yayansu ke nan, zazzaɓi. Na sha jira ta zage ni ko sau ɗaya, in samu in numfasa. Ta ƙi.