Waken Kawu da Albasar Inna

Har yau a Badaguishiri akwai masu cewa baki aka yi wa albasar Innata a shekarar nan, wasu su ce tsautsayi ne. Babu ko ɗaya. Kawuna ne, da aljihunsa cike da wake.

Yayan Inna ne. Ya taɓa aikin buro, wato ofis, a Konni, da aka sallame shi ya dawo gida da tabarau da wani ilimi da ya ce shi ya gano da kansa: karatun kasuwa. Ranar kasuwa sai ya shimfiɗa tabarma kusa da 'yan albasa, ya ja layuka a ƙasa da yatsa, kowane layi farashi guda. Duk buhun da ya ji an ce an sallama, sai ya aje ƙwayar wake a layin farashinsa. Kafin la'asar waken ya yi siffa. In ya taru a tsakiya, mai tumbi ke nan, farashi zai zauna. In ya rabu gida biyu, kasuwa ba ta yanke shawara ba. In kuwa ya zubo ƙasa siriri kamar wutsiya, to a gudu, faɗuwa na tafe. Mutane na tsayawa kansa suna kaɗa kai kamar masu kallon bugun ƙasa.

A ranin nan Inna ta shuka albasa a lambunta na fadama, ita kaɗai, don Baba ya rasu. Da ita za mu ci har damina. Albasa ba ta nuna ba wani dillali ya fara zarya gidanmu, yana son a sallama masa ita tun tana ƙasa, a yanke farashin buhu yanzu, ya ɗauka in an haƙe. Inna ta ce sai abin da yayanta ya gani.

Ina hutu daga kwaleji, aka aike ni kasuwa in kai wa Kawu fura. Na zauna gefensa don rana. Ban daɗe ba na lura da wani buhu mai facin shuɗin tsumma a gindi. Dillalin nan da abokinsa suka ja shi har gaban tabarmar Kawu, suka yi ciniki da ƙarfi kamar masu kiran kurma, ɗaya ya ce albarka, ɗaya ya rage, aka tafa. Kawu ya aje wake. Can an jima ga buhun ya dawo, abokin ne mai sayarwa yanzu, farashi ya ƙara sauka. Kawu ya aje wake. Ba wanda ya sa hannu aljihu, ba jakin da ya ɗauki buhun. Cinikin gaske yana can bayan kamiyo, babbar motar kaya, ana yin sa da raɗa.

Na ce, "Kawu, buhun ga fa shi ne na ɗazu."

"Wane buhu?"

"Mai facin. Tun da na zo suke sai da ma juna shi."

Bai ko ɗaga kai ba. "Ke 'yar lakwal, da bokonki, ni buhu nika dubi? Siffa nika dubi. Duba wutsiya nan, ban taɓa ganin mai tsawonta ba."

"To ai su suka zana maka ita."

Dillalin ya ji ni. Ya matso yana dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗiyar taka da baki. A kai ta duwan, wajen masu duba kaya a iyaka, ta dace da bincike." Aka yi dariya, har da Kawu.

Da muka koma gida, Kawu ya zauna a tsakar gida ya sake jera wa Inna waken, don ta gani da idonta. Ya ce in ta jira haƙa, kyauta za ta bayar. Na faɗi zancen buhu mai faci, na maimaita, har na ɗaga murya. Inna ta ce, "Ke, yayana kike ma tsawa?" Ta juya gare shi. "Yaya, yadda ka ce." Washegari dillali ya zo da shaidu, aka yi fatiha.

Lokacin haƙa manyan motoci suka cika bakin hanya, masu zuwa bakin teku da masu tsallaka iyaka, kowa na neman albasa. Farashi ko gezau. Muka haƙe da hannunmu, muka yanke ganye, muka ɗura, muka ɗinke, dillali ya sayar a gaban idonmu bai ko matsar da buhunan daga bakin lambu ba. Tuwonmu ya koma sau ɗaya tun damina ba ta faɗi ba.

Na je na sami Kawu, ina son ko sau ɗaya in ji ya ce an yi masa wayo. Ya gyara tabarau ya ce karatunsa daidai yake, kasuwa ce ba ta bi ƙa'ida ba. Ya ce ma ya gano wata sabuwar siffa, wutsiya mai komawa sama, baɗi ba za ta kuɓuce masa ba. Na ce waken dai da an dafa shi da ya fi amfani. Ya ce a gaya wa uwata ta yi mini tarbiyya.

Na dawo na tarar da Inna tana tsince irin albasa a faifai. Ban nemi shawarar kowa ba. Na ce mata baɗi rabin lambun nawa ne, ni zan yi ban ruwa in na taso daga makaranta ƙarshen mako, kuma zan kafa rudu, rumbun albasa, a bayan gida in adana abina har farashi ya tashi. Wanda ke so ya zo ya same ni da motarsa a ƙofa, in ga kuɗinsa, sannan in kwance igiyar rudun.