Maganar da Na Rage wa Alhaji

Har yau ban manta da safiyar da aka kawo mana Iliyasu ba. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Maamobi, cikin shekarun tamanin. Aikina shara da kiran marasa lafiya. In an kawo wanda ba ya jin Turanci ko yaren Tuwi, ni ne tafinta.

Iliyasu shekararsa bakwai. Ubansa ne ya kawo shi, wani dattijon mahauci daga unguwar Nima da muke kira Alhaji, sa'an mahaifina. Ya ce yaron yana ɓata wando kullum, har malamin makaranta ya ce kada ya sake zuwa. A gida sun ba shi maganin tsayar da zawo. Uwarsa ta yi masa bentuwa, wato robar da ake matsa ruwa ta dubura, ta sa citta da barkono don ya ji zafi ya daina. Shi kuma uban yana dukansa.

Sista, babbar nas ɗinmu, ta kwantar da yaron ta danna cikinsa a hankali. Ta tambayi inda yake zagayawa. Gidansu ba masai, sai na unguwa, mai layi da rami mai faɗi. Yaron yana tsoron ramin, sai ya riƙe.

Ta juyo gare ni ta ce, "Gaya masa ba zawo ba ne. Kashi ne ya taru ya yi tauri, mai ruwa yake zubowa ta gefe, yaron ma bai san ya fito ba. Za mu ba shi maganin da zai tausasa shi, ya sha ruwa sosai, ya zauna a fo, robar kashin yara, bayan kowane abinci, wata da watanni. Kuma gaya masa dukan da barkonon su ke ƙara ciwon. Su daina yau."

Na faɗi na farko duka. Da na zo na ƙarshe, sai na dubi furfurar Alhaji. Na ce, "Baba, ta ce a riƙa lallaɓa shi."

Ya yi dariya. "Lallaɓa? Ɗana, kai da lallaɓa aka yi maka da yanzu kana nan da tsintsiya? Yaro na zawo, a ce mini kashi ya ƙi fita."

Sista ta tambaye ni ko ya gane. Na ce ya gane.

Ba su dawo ranar da aka sa musu ba. Bayan wata biyu na bi ta teburin Alhaji na tambayi yaron. Bai ɗago daga naman da yake yanka ba. Ya ce maganin ya ƙara masa zawo, sai suka zubar. Dukan ma bai yi amfani ba, sai ya tura shi arewa wurin ƙanensa ya yi kiwo, can ba mai jin warinsa. Makaranta ta ƙare ke nan.

Ku da kuka zo bayanmu a aikin tafinta, ku sani nas tana iya gano ciwo da hannunta cikin minti biyar, amma ta bakinku maganar za ta kai gida. Ni na ji kunyar dattijo, yaron ya ɗauki sauran. Ban sake ganinsa ba.