Sai-Ƙarshe, Mai Kaset da Ya Ƙi Datse Wutsiyar Waƙa

Haihuwa da asali

An haifi marigayin, wanda masu sana'ar waƙa suka sani da laƙabin Sai-Ƙarshe, a shekarar 1951, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan tashar mota. Mahaifinsa makaɗin ganga ne a ƙungiyar wani mawaƙi, mahaifiyarsa kuma tela ce.

Ɗabi'ar wannan mawaƙi ce idan waƙa ta zo ƙarshe ya sassauta murya ya ambaci makaɗansa da 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ake kira wutsiyar waƙa. A shekarar 1960 wani kamfani ya ɗauki ƙungiyar a faifai. Ranar da faifan ya fito, mahaifin ya aro garmaho, ya tara iyali da maƙwabta a tsakar gida domin su ji sunansa. Ganga ta fito raɗau, amma daidai inda za a fara ambaton sunaye sai sauti ya ɗauke, domin kamfanin ya datse wutsiyar don waƙar ta shiga faifai. Mahaifin ya mayar da garmahon wurin mai shi. Kunyar wannan rana ta ci ran yaron, kuma ba ta sake shi ba tsawon rayuwarsa.

Karatu da neman sana'a

Ya shiga firamare a 1958, ya kammala a 1965 da sakamakon da ba na yabo ba ne, ba na fallasa ba. Daga 1968 ya yi aiki a wani kantin faifai, inda ya naƙalci ciniki da halayyar masu saye. A 1977, lokacin da kaset ya fara karɓuwa, ya buɗe shagonsa a layin masu gyaran rediyo, da na'urar ɗaukar sauti guda da benci ɗaya.

Tallarsa ba ta allo ba ce. Duk sabon kaset, kwafin farko yakan raba shi kyauta ga direbobi da masu aski da teloli, bisa sharaɗin kada a sauya waƙa sai ta kai ƙarshe. Mai saye ma sai ya zauna a bencin ya ji sunaye tukuna, komai saurinsa, kuma daga nan laƙabin ya samo asali. Abokan sana'a sun yi ta masa shaguɓe cewa shi kaɗai ne ɗan kasuwar da ke tsare kwastoma kamar mai karɓar haraji. Sai dai makaɗa da 'yan amshi su ne suka riƙa janyo iyayen gidansu zuwa shagonsa, dangin kowane mai suna a wutsiya kuma sukan sayi kaset har da na kyauta ga surukai. Cikin shekarun 1980 babu shagon da ya kama ƙafarsa a layin.

Aure da iyali

Ya yi aure a 1979 da wata malamar makaranta, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Uwargidan takan ce ta auri mutumin da ko faɗa ake yi ba ya bari a katse magana, don haka rigimarsu ba ta da yawa amma tana da tsawo.

Jarrabawa

Da waƙa ta koma wayar hannu, ciniki ya ja baya matuƙa. A 2009 wani babban kamfani ya nemi sayen dukkan uwayen kaset da ya tara, wato asalin ɗaukar da ake kwafa daga gare su, domin sayar da waƙoƙin a waya, bisa sharaɗin a taƙaita kowace waƙa a cire wutsiyarta. Tayin zai ceci shagon, ya kuma sallami ma'aikatansa cikin mutunci. Babban ɗansa ya roƙe shi: “Baba, don Allah ka duba. Wa ke jiran sunaye yanzu?” Ya amsa masa: “Ni na taɓa jira, ɗana. Na san yadda abin yake.” Ga wakilin kamfanin kuwa cewa ya yi: “Ku ɗauka gaba ɗaya ko ku bari gaba ɗaya.” Suka bari.

An rufe shagon a 2011. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, har ya daina bin layin, amma ba a taɓa jin ya yi nadama ba. Ya kwashe uwayen kaset zuwa ɗakin baƙi na gidansa, baƙi kuma suka koma kwana a falo. Sauran shekarunsa ya ƙarar da su tare da 'yarsa ta biyu suna juyar da waƙoƙin cikin kwamfuta, kowace da wutsiyarta, duk da idonsa ya raunana. Ya ci gaba da cigiyar cikakkiyar ɗaukar faifan mahaifinsa a wurin tsofaffin dillalai, bai dace ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2021 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in, aka yi jana'izarsa a ƙofar gidansa. Cikin waɗanda suka raka shi makwancinsa akwai mutane da yawa da iyalin ba su sani ba, kowa yana gabatar da kansa a matsayin ɗan mai ganga ko jikan ɗan amshi na waƙa kaza, wasunsu ba su taɓa jin an kira sunan mahaifinsu ba sai a kaset ɗinsa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babban ɗan, mai sayar da wayoyi, ta biyu, ma'aikaciyar gidan rediyo, wadda uwayen kaset ke hannunta, na uku, direba, ta huɗu, malamar jinya, sai auta, makaɗin ganga. Waƙar farko da autan ya yi wa kiɗa ta fito ne mahaifin yana kwance a asibiti, aka kunna masa ita a waya. A wutsiyarta mawaƙin ya kira sunan autan, ya ce ɗan Sai-Ƙarshe ne, sannan ya kira sunan kakansa mai ganga, cikakke. Marigayin ya ɗaga hannu kada kowa ya taɓa wayar, ya saurara har ƙarshe. Allah ya jiƙansa da rahama.