Ustad Inayat, Direban da Ke Shiga Lungu da Ƙafa

Duk ranar da ma'aikatan jirgin sama ke da tashi, Ustad Inayat kan faka farar motar kamfani gaban teburin shayina a bakin lungunmu na Lahore. Ya goge madubi da gefen rawaninsa, ya ce in ajiye masa kofinsa da zafi, sai ya nutsa cikin lungu da ƙafa.

Kamfanin jirgin ne ke ɗaukar nauyin kai ma'aikatansa filin jirgi da dawo da su gida. To amma lungunmu ko keke biyu ba sa wucewa tare. Sauran direbobi sai su tsaya a titi su danna ham.

Da Nimra, 'yar Haji Sarwar mai alewa, ta samu aikin hidimar fasinja a jirgi, uban ya kafe. A gabana ya faɗa:

"Ustad, 'yata ba za ta ratsa gaban shagon wanzami da jan baki da jaka, zauna-gari-banza suna mata fito ba. In haka ne, ta ajiye aikin."

"Haji Sahib, ƙofar gida kamfani ya ce, bai ce bakin titi ba. Inda taya ta tsaya, ƙafata ce motar kamfani."

Haka ko aka yi, rani da damina. Shi a gaba yana jan jaka, ita a baya. Samari kan yi masa ihu, "Kyaftin, ina ka bar jirginka?"

"Yana bakin titi, ɗana. Wanke fuska ka zo, muna neman mai share taya."

Da dariya ta koma kansu, sai suka daina tsokanar.

Kai ne, Ustad, wanda gwiwa ta dame shi bai taɓa danna ham ba. Bango majinginar 'ya'yan mutane!

Da aka ce Ustad ya yi ritaya, hankalin Nimra ya tashi, don sabon direba ya ce shi titi ya sani. Muka zuba ido. Ranar tashinta sai ga Haji Sarwar da kansa, hannu duk sukari, yana jan jakar yana ce wa wanzami, "Matsa mana, 'yata za ta Maskat."

Na ga direbobi iri-iri a duniyar nan. Mun gode, Ustad, Allah ya hutar da gwiwarka. Ku kuma masu sitiyari, in an ba ku amanar 'yar mutane, ku sauko ku kai ta ƙofa.